Baba Bawa da Ɗiyansa na Bayan Katanga

Duk wanda ya san Baba Bawa na Karakkai ya san ba ya alwala sau biyu a wuri ɗaya. Azahar a gindin wannan dashe, La'asar a gindin wancan. Tun da jami'armu ta ce za ta rage hayaƙi, ta sa sola a rufi, ta dasa itatuwa su shanye sauran, aka ba shi kula da dashen, shi ke nan muka shiga uku. Ɗiyansa yake kiransu.

Ya taɓa tarar da wani farfesa yana alwala a kan siminti. Ya tsaya kansa ƙyam.

"Ranka shi daɗe, simintin ga ganye za ya yi?"

A gindin maɗaci farfesa ya ƙarasa wanke ƙafa.

Ni ɗan ƙanensa ne, kuma ni ke tuƙa tankar ruwan jami'a. Na ce in riƙa kai masa ruwa.

"Ka ƙona mai don ka shayar da icce? To mi anka yi ke nan?"

Baro da jarkoki ya riƙe har ya bar duniya.

Akwai dashe a bayan katanga, ta wajen daji, inda masu gadi suka hana zuwa tun da aka fara ɗaukar mutane a gonaki. Wata rana da zafi, aka ce an ga Baba ya fita da baro. Na bi shi a guje, raina a ɓace.

"Baba, don Allah mu koma."

"Saura ukku."

Sai ƙarar mashina. Guda biyu, mutum huɗu, bindigogi a rataye. Ba abin da nake gani sai fuskar matata. Babbansu ya nuna jarka.

"Tsoho, ruwa."

Baba ya miƙa masa buta. "Ku sha. Amma ku kashe mashinan ga, hayaƙi na cutar ɗiyana. Kai kuma matso nan, abin da ya zuba shi sauka gindin dashen ga."

Na runtse ido ina kalmar shahada. Can na ji inji ya mutu, na biyun ma ya bi. Na buɗe ido. Mutumin ya matsa, ya sha, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa 'yan'uwansa, "Tsohon ga ba shi da lafiya." Suka wuce.

Na zube ƙasa. Baba ya girgiza jarka.

"Sun shanye rabon guda. Gobe mu dawo."

Kwana uku ban yi masa magana ba.

Bara ya rasu bayan gajeruwar jinya. Itatuwa ukun nan yanzu sun fi ni tsayi, kuma har yau na kasa alwala a kan siminti. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba shi inuwa kamar yadda ya bar mana.