Fim ɗin Tsoho na Ƙarshe

Wallahi jikina ya mutu, jama'a! Jiya na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ina ta zuba hotuna da salula, sai Inna ta ce, "Ka gaji kakanka, ko da yake kai ka kashe mishi sana'a."

Na tuna ranar. Ganyen marke ya yi jajir a kwazazzabon Gangara. Tsoho, kakan nawa, ya kafa ƙatuwar kyamararshi, ya lulluɓe kai da baƙin zane, ya jira iska ta kwanta, ƙyas! Da zumuɗi na zaro fim ɗin in gani, rana ta ƙone shi.

Dariya ya yi: "Ja'iri, wannan a duhu ake wanke shi."

Ashe shi kaɗai ya rage mishi, bai sake samu ba, bai kuma taɓa gaya mini ba.

Allah ya yafe maka, Tsoho, yadda ka yafe mini.