Kawu Sale da Rezar Cikin Hula

Duk wanda ya san Kawu Sale na ɗakin magani ya san ba ya fita sai da sabuwar reza a cikin hularsa. In ya zauna gaban wanzami sai ya zaro ta ya ce, "Yi da wannan. Askarka ta zaga kawunan rabin Daura, ban san da wa ta gaisa ba."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma tunda yanzu na daina ɓoyewa, bari in faɗa tun farko: ina cikin masu karɓar maganin ƙanjamau a tagarsa. Mijina direba ne a hanyar Kongolam, ya rasu ya bar ni da ciki da wannan cuta. A wancan lokacin, da maganar ta fita, ko kofin ruwa ba mai miƙa mini, har a gidanmu. Kawu kaɗai ya sani.

Ranar sunan 'yata a Dutsi, wanzami ya ɗauko wata baƙar aska zai yi wa jaririya aski. Kawu ya fizge ta ya jefa cikin tukunyar ruwan zafin da mata suka ɗora a murhu.

"Haba Alhaji! Gadon kakana ce fa!"

"To yau za ta yi wankan da ba ta taɓa yi ba tun zamaninsa."

Sai 'yan benci. Kun san su, ƙattin banza da ke zama ƙarƙashin darbejiyar da ke kallon ƙofar asibiti duk Talata, ranar karɓar magani. Ba sana'a, ba kunya, aikinsu duba wanda ya shiga da wanda ya rame. Saboda su sai in zagaya ta bayan masallaci. Wata Talata Kawu ya fito da tebur da kujera da kayan gwajin jini, ya dire a gabansu.

"Na ga kuna da sha'awar harkar nan ƙwarai. Bismilla, wa zai fara miƙo yatsa?"

Wallahi ɗaya har takalminsa ya bari! Wani ya tuna ana jiransa a kasuwar shanu, mutumin da ko kaza bai mallaka ba. Daga ranar benci ya koma na awaki.

Shekarun nan da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya zama mai wa'azi. Wani ɗan kwamitin unguwa, wanda jiya-jiya muka san shi da caca a tasha, ya tare Kawu bayan ya gama yi wa direbobi bayanin kwaroron roba.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Fasiƙanci kake koya wa jama'a."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Wanda ya koya musu ya riga ni zuwa, Malam. Ni matansu na gida nake ji, su da ba su je ko'ina ba."

Ni ma ban tsira daga bakinsa ba. Wani mai magani ya zo daga wajen Mashi da lasifika a kan mota, wai rubutunsa na wanke cutar cikin kwana bakwai. Ni kuma, sakarya, na sayar da akuyata na karɓo kwalba, na ajiye ƙwaya. Talata ta wuce Kawu bai gan ni ba. Laraba da hantsi sai ga shi a kan tsohon babur ɗinsa, ya sha ƙura har gira. Ya kore kowa daga ɗakin, wai maganar gado za mu yi.

"Ke Hajo, uban wa ya ce ki daina?"

"Kawu, malamin ya ce ƙwayar asibiti tana karya rubutu."

"Rubutun da ƙwaya ke karyawa ai ba aya ba ce, tawada ce! Haɗiye ƙwayar, ki kora da shi, kada akuyarki ta tafi a banza."

Na haɗiye ina kuka, shi yana tsaki. Da ya tashi tafiya ya leƙa fuskar yarinyar ya ce, "Wannan yarinya, gwaji ya nuna lafiyarta ƙalau. In kika mutu da wauta, wa kike so ya riƙe ta? Mai lasifika?"

Da Allah Ya yi wa Kawu rasuwa, ranar sadakar uku, matarsa Inna Rabi ta ja ni gefe tana share hawaye. Ta ce in yafe mata, shekara da shekaru tana yi masa mita, wai na mai da shi saniyar tatsa, duk wata ina ofishinsa maula. Na ce, "Shi me yake cewa?" Ta ce, "Ba ya cewa komai. Sai dai ya ce in zuba masa tuwo."

Mutumin da bai taɓa barin magana ta kwana a cikinsa ba, ashe tawa ya riƙe har kabari.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale. Yadda ya rufa mini asiri a duniya, Allah Ya rufa masa a lahira. Amin.