Na Kai Amfilifayata Sabon Gari, Na Dawo da Ƙarata

Mun bar Azare da asuba, ni da ƙanena, amfilifayata, na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, a cinyata kamar jaririya. Ni mai hayar lasifika ne a bukukuwa, amma tun da aka gyara mini amfilifayar abin ya lalace. Lasifikar dama ita kaɗai, lafiya lau. Ta hagu ma haka. A kunna su tare, sai dum-dum ɗin nan ya ɓace. Inna ta ce sammu ne, aljani aka tura cikin amfilifayar. Abin da ya fi ƙona mini rai, bikin ƙanwata ya matso, har an fara shawarar ɗauko wani mai kiɗan.

Hanyar ba laifi, sai cunkoson gadar Wudil, ranar kasuwa ce. A Fagge muka sauka gidan kawuna. Matarsa ta ajiye mana gurasa bandashe ta ce, "Ku ci tukuna, aljanin ba zai gudu ba."

Daga nan muka hau adaidaita zuwa Sabon Gari. Kai, hayaniya! Kowane shago da kiɗansa. Aka nuna mana wani mai gyara, Ibo ne, amma Hausarsa ta fi tawa.

Ya jawo wata na'ura mai allo, osiloskop sunanta. Ya tura sauti iri ɗaya ta ɓangarorin amfilifayar biyu, sai ga layuka biyu masu lanƙwasa a allon. In wannan ya hau, wancan ya sauka. Ya auna tazarar da ke tsakanin ƙololuwarsu.

"Malam, digiri ɗari da tamanin," in ji shi. "Wannan na tura iska, wancan na janyewa. Ina ƙara za ta fito?"

Ashe mai gyaran farko ne ya juya wayoyi biyu a ciki. Ya mayar da su, layukan suka hau kan juna, tazara ta koma sifili. Da ya kunna, sai da na ji dukan a ƙirjina. Wallahi na rungume shi don murna!

Washegari muka koma gida. Na koyi cewa abin da kunne ya kasa ganewa, a kai shi inda ido zai gani. Ranar bikin ni na yi kiɗan ƙanwata. Ana tsakiyar rawa Inna ta leƙo ta ce, "Kai, rage! Kwanukana na zubowa."

Ban rage ba.