Yatsun da Na'ura Ta Ƙi Gani

Goggona ce ta riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu, kuma ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Mahaifina ya kai ni gidanta da ƙullin kayana, ya ce, "Ga 'yarki." Shi ke nan. Shi ya sa ranar da limamin masallacinmu ya ce akwai yaran Musulmi da hukuma ke nema wa gidajen riƙo a garin nan na ƙasar waje da muke zaune, na ɗauka abu ne na kwana biyu. 'Yar autarmu ta tafi jami'a, ɗakinta yana nan a rufe. Tun muna tafe a kan titin Grand Concourse na tare maigidana da zancen.

"Alhaji, mu karɓa mana."

"Hajiya, kin san ƙasar nan da takarda," in ji shi. Amma na ga yana murmushi, sai na san an gama.

Takardun kuwa mun sha su. Mun yi aji duk Asabar, mun je wurin likita, mun kawo mutanen da za su shaide mu. Sannan aka turo mana jami'ar da za ta riƙe lamarinmu, wata doguwar mata mai yawan dariya. Ta duba ƙarafan taga, ta danna na'urar gano hayaƙi har ta yi ƙara, ta ce a kulle magunguna. Ta zauna ta tambaye ni yadda nake yi wa yaro horo in ya yi laifi. Da farko raina ya sosu, ni da na raini 'ya'ya uku. Daga baya na yi tunani: uwar yaron da za a kawo ba ta san ni ba, ba ta san dangina ba. Matar nan ce ke duba mata gidana. Sai na buɗe mata har firji.

Abu ɗaya ya rage, ɗaukar zanen yatsu, don a tabbatar ba mu taɓa aikata wani laifi ba. Na sa sabon mayafi na tafi kamar mai zuwa biki. Alhaji ya ɗora yatsunsa a kan gilashin na'urar, nan take suka fito ɓaro-ɓaro. Ni na ɗora nawa, allon ya nuna wani abu kamar tabon mai. Ma'aikacin ya goge gilashin, ya danna min yatsa, ya juya shi hagu da dama. Babu.

Ya juya tafin hannuna ya duba, ya tambaye ni wane aiki nake yi. Na ce kula da tsofaffi a gidajensu.

"Na sani," in ji shi. "Sabulu da maganin wanki sun cinye miki zanen."

Ya tura haka nan, amma ba a jima ba wasiƙa ta zo cewa ba a iya karantawa ba, sai na sake. Jami'armu ta ce kada in damu, akwai wata hanya in abin ya sake ƙi, sai dai tana jan lokaci. Ni kuwa ba ni da haƙurin jira. Har na riga na sayi zanen gado.

Maƙwabciyata, wata 'yar Maraɗi mai shagon kitso, ta kawo min man kaɗanya cikin gwangwani. "Yaya, safe da yamma, ki sa safar hannu a kai. Kuma ki bar wanke-wanke."

Na kalli Alhaji. Alhaji ya kalli rufin ɗaki. Da yamma na same shi a kicin ya naɗe hannun riga, kumfa har gwiwar hannu, yana tambayata ina ake ajiye soso. Mako uku ya yi yana wanke tukwane in ya dawo daga tuƙin tasi. A wurin aiki safar roba biyu nake haɗawa. A gida kuwa, in ba alwala da wanka ba, ba na taɓa ruwa. Kowace safiya sai in je bakin taga in ɗaga yatsuna ga haske, in kira shi ya zo ya gani ko layukan sun fara dawowa.

Ranar komawa ta zo. Na ɗora babban yatsa. Layuka suka fito, sirara amma a sarari. Na biyu ma haka. Da muka kai na goma na ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi har mutanen da ke layi suka yi dariya, wata ma ta tafa min.

Lasisi ya fito, muka shiga jira. Wata Talata da la'asar, na taso daga aiki na shiga jirgin ruwa a tashar St. George, wayata ta yi ƙara. Jami'ar ce. Akwai yarinya 'yar shekara shida, mahaifiyarta na kwance a asibiti, kuma ba su da kowa a nan. Za mu iya karɓarta yau?

"Yau? E! E, ku kawo ta!"

Na kira Alhaji ina ihu, iska na kwashe rabin maganata. Na yi ta kai da komo a cikin jirgin, ina ji kamar in tura shi da hannu.

Kafin magariba suka iso. Tana rungume da jakar makaranta, ta ƙi ɗaga kai. Na durƙusa na ce da Hausa, "'Yata, kin ci abinci?" Ta ɗago da sauri ta dube ni. Da Turanci ta amsa cewa a'a, amma ta ji ni sarai. Shinkafa da wake na zuba mata, ta nemi ƙarin yaji.

Duk wata jami'ar na zuwa, ta shiga ɗaki da ita su biyu, ta rufe ƙofa. Zuwan farko na tsaya a falo na kasa zama, sai na jiyo su suna ƙyalƙyala dariya. Ashe ƙara ta kai, wai Kawu, wato Alhaji, yana waƙa a mota kuma bai iya ba.

Da mahaifiyarta ta warke, alƙali ya ba da izini ta koma gida. Mu muka kai ta unguwar Flatbush da akwati biyu. Uwar ta riƙe ni a bakin ƙofa ta daɗe ba ta sake ni ba, yarinyar kuwa tana ta jan mayafina, wai in zo in ga gadonta.