Anzar Bayan Ɗakin Kaka

A ƙauyenmu, kusa da Gangara, in an ci tuwo lokacin sanyi mukan zagaye wutar Kaka. Babanmu ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da ta cewa, mu take gaya wa, da ƙarfi.

Wata shekara Baba ya dawo daga Damagaram da dashen mangwaro. Ya sare anzar da ke bayan ɗakin Kaka, wata gajerar itaciyar daji, ya dasa shi a wurin. Rijiyarmu zurfi gare ta, kuma ni ce mai ɗauko ruwan, safe da yamma. Tun daga nan tatsuniyar Kaka ta koma guda ɗaya.

Wai itatuwa biyu ne suka sauka gidan wani mutum. Doguwar mai yalwar ganye ta ce kullum a ba ta ruwa. Gajerar mai ɗacin 'ya'ya ta ce ita wurin tsayawa kawai take so. Sai ya kori gajerar. Da yunwa ta zo ya fita nemanta, ya tarar ta yi nisa.

"Kaka, jiya ma ita kika yi! A ba mu ta Gizo."

"Gizo ya tafi birni sayen itace."

Baba yana gefe yana tufka igiya. Ya ce, "Ku gaya wa kakarku mangwaro inuwa gare shi."

"Ku gaya wa wancan ba a tuƙa tuwo da inuwa."

Mu dariya muka yi.

Damina ta gaza, hatsi bai yi ba, mangwaron ya bushe. Aka koma cin dilo, 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwanaki har ɗacin ya fita. Na kusa da gari ya ƙare da wuri. Kaka ta riƙa bin mata zuwa daji mai nisa, cikin rana. Wata rana ta dawo ta kwanta, ba ta tashi ba.

Yau na wuce shekarun da ta yi a duniya, amma haushin bai bar ni ba. Ita ta kasa cewa, "Kada ka sare." Shi ya ji sarai, ya yi kamar da yara ake.

Bayan rasuwarta anzar ta tofo daga saiwa. Baba ya kewaye ta da ƙaya. Kullum da safe yakan zuba mata ruwa, ita da ba ta taɓa roƙon ruwa ba.