Ƙayar Kifi a Wuyan Inna

Shekarar da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja ina aikin buga tafireta, aka ba ni ɗaki ɗaya a Wuse. Inna, mahaifiyata, ta taso daga Zariya don ta ga inda aka ajiye 'yarta. Na ƙudurta sai na burge ta. Ranar Asabar bayan azahar muka shiga tasi zuwa wani gidan abinci na manya da nake jin ogana yana yabawa.

Tun daga ƙofa na ga wurin ya fi ƙarfina. Ga sanyi kamar cikin firji, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Da na ga farashi sai na kife takardar jerin abincin a cinyata, na gode Allah Inna ba ta karatun boko. Na zaɓi mafi araha, shinkafa da kifi, shi ma faranti ɗaya ya fi cefanena na mako.

Mun daɗe muna jira kafin a kawo 'yar shinkafa lami a tsakiyar faffaɗan faranti, da guntun kifi, bayansa a ƙone, cikinsa da sanyi.

"Wannan na ɗanɗano ne, abincin yana tafe?" in ji Inna.

"Shi ke nan fa, Inna."

Ta yi bisimilla ta sa hannu. A loma ta uku ta tsaya cak, ta dafe wuya, idanunta suka kaɗa.

"Ƙaya," ta ce da ƙyar.

Na ba ta ruwa, ya dawo. Tana kakari, ni ina salati. Ban san hanyar asibiti ba a garin nan, ban san kowa ba. Na fara tunanin abin da zan gaya wa Baba. Mai kawo abincin yana tsaye, sai "sori madam" yake ta maimaitawa, na sauran tebura kuwa ido kawai suka zuba mana.

Sai ga wata dattijuwa mai wanke-wanke ta fito daga kicin, hannunta duk kumfa. Ta leƙa bakin Inna, ta koma da gudu, ta dawo da tuwon dawa a leda, nata na rana da ta zo da shi daga gida. Ta mulmula ƙatuwar loma.

"Mama, ka haɗiye, kar ka tauna," ta ce da irin Hausarta.

Ta farko ba ta yi ba. A ta biyu Inna ta runtse ido, ta yi dogon numfashi, ta ce, "Alhamdulillahi, ta wuce." Nan na zube a kujera ina kuka.

Na biya kuɗin cif, muka fita. Kwana uku Inna ba ta iya cin komai sai kunu, ni kuma ko tari ta yi sai na zabura.

Bayan ta koma Zariya na je gidan abincin ta ƙofar baya da turmin atamfa ina neman dattijuwar. Aka ce ta tafi ƙauyen Yangoji cire doya. Sai a zuwa na uku na same ta.