Lantana da Ranar Yaran Riƙo

A daminar bara na ji ana raɗe-raɗi a kasuwar Makarfi wai gwamnati ta ɗauki nauyin gidan Lantana, za ta riƙa ciyar da yaran da take riƙo. Na tsufa ina sauraron labarai, na kuma san gwamnatin da ta tsuke bakin aljihu har taki ya gagari manomi ba za ta buɗe shi don marayu ba. Ban yarda ba. Sauran jama'a sun yarda.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 1989, da hantsi, Allah ya karɓi ran Lantana mai daddawa a ƙauyenmu da ke gefen Malikanchi, bayan jinyar ciwon ƙirji. Ba ta bar ɗan cikinta ba. Ta bar yara cike da tsakar gida, kowannensu Inna yake ce mata.

Lantana, ni maƙwabcinki ne tun kina amarya, katanga ɗaya ta raba mu. Ina nan mijinki ya rasu, ina nan aka fara kawo miki 'ya'yan mutane. Na tuna ranar da Nehemiya, leburan gonar rake, ya faɗi ya mutu, ya bar 'yarsa Veronica ba uwa, danginsa kuma can kudu. Kika goye ta kika shigo da ita. Ba ki sauya mata suna ba. Kowace Lahadi kina wanke ta, ki shafe ta da mai, ki raka ta har bakin coci, ki zauna gindin ɗorawa kina jan carbi har su tashi. Masu surutu sun yi sun gaji. Ke dai amsarki ɗaya, amana ce aka bar miki, kuma yadda aka ba ki ita haka za ki mayar.

Na tuna 'yan biyu, Hassana da Hussaina, da uwarsu ta rasu wajen haihuwarsu. Ɗaya a bayanki, ɗaya a kafaɗa, kina dakan kalwa. Idan kin saya wa wannan ɗankwali sai kin saya wa waccan irinsa, ko da ranar za a kwana da kunu. Kin sha gaya mini cewa in ɗaya ta yi zazzaɓi, sai ki shirya, gobe ɗayar za ta kwanta.

A wancan lokaci ƙauyen nan ke ciyar da gidanki ba tare da an yi shela ba. Da kaka, kowane magidanci zai aiko da dami ɗaya na dawa a jingine miki a bakin rumbu. Ba wanda ya taɓa kiran abin da wani suna. Haka muka taso muka ga ana yi wa mai riƙon marayu.

Sai kansiloli suka ji labarinki. Ba zan kama sunan kowa ba, don na san da kyakkyawar niyya suka yi. Suka zauna a majalisa suka zartar cewa za a ware rana guda kowace shekara, Ranar Yaran Riƙo, domin jama'a su farga. Aka aiko mota ta ɗauke ki da yaran. Aka yi jawabi da Turanci, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, rediyo ta faɗi sunanki. Da kika dawo na leƙo ta katanga na ce, "To, Uwar Gwamnati, me aka samo?" Kika yi dariya kika ce, "Malam, mun sha lemo. Hussaina har ta yi amai a motar."

Jama'a kuwa sun farga. Daga Janfalan aka kawo miki yaro, daga Kudan aka kawo jaririya, kowa na cewa ai gidan da hukuma ta sani ne. Ba ki mayar da ko ɗaya ba. Da kaka ta zo, bakin rumbunki wayam. Kowa ya ɗauka buhunan gwamnati na hanya, ga shi shekarar kowa na fama da kansa. Na bi zaure-zaure ina cewa ba a ba ki komai ba, sai a ce, "Haba Malam, mu da muka ji a rediyo?" Ke kuma kika hana ni ci gaba, kika ce ba za a mayar da yaranki abin roƙo ba. Kika ƙara tukunyar daddawa, kina kwana cikin hayaƙi, har ƙirjin ya kama. Kafin ranar ta zagayo, soja sun rushe majalisar, an kawo kantoma. Ranar Yaran Riƙo sau ɗaya aka yi ta.

Yanzu gidan ya koma hannun ƙaninki Maiwada, kamar yadda shari'a ta tanada, ɗan riƙo ba ya gado. Ban ga laifinsa ba, shi ma bakuna sun yi masa yawa. Veronica an saka ta a motar kudu, wajen mutanen da ba ta jin yarensu. Sauran ana ta neman mai karɓa.

Allah ya jiƙanki, Lantana. Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa aljanna ce makomarki, ya ciyar da ke kamar yadda kika ciyar. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maiwada da dukan dangi, da kuma yaran da ba wanda ya je yi musu gaisuwa, alhali su ne suka yi rashi. Allah ya ba su haƙuri, ya haɗa su da masu tausayi.

Tun ranar sadakar uku ake cewa za a raba 'yan biyu, baffansu na Kudan ya ɗauki ɗaya, gwaggonsu ta Janfalan ta ɗauki ɗaya, don ba mai iya ciyar da biyu. Na ji a masallaci, na ji a wajen Maiwada, ina ta fatan ba haka ba ne. Wadda ta tabbatar mini daga ƙarshe Hassana ce da kanta. Jiya ta durƙusa a ƙofar zaurena ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba, daga Kudan zuwa Janfalan, mutum zai iya zuwa da ƙafa?"